Tasar da na kifa wa akwatin Hajiya

Shekarar da na yi haihuwar fari na samu aiki a wurin bandar kifi na wata Hajiya a bakin ruwan Yelwa. Mu bakwai ne mata. Aikina in kankare kifi, in cire ciki, in wanke, in lanƙwasa tarwaɗa in soke ta da tsinke kafin a jera a kan wuta. Maigidana masunci ne, yakan bi jirgi can wajen Ngaski ya yi mako uku bai dawo ba. Innata kuma tana ƙauyenmu bayan Shanga. Ba ni da wanda zan bar wa goyo. Kafin nan na je wurare biyu neman aiki, gidan abinci da inda ake ɗura ruwan leda, duk da sun leƙa bayana sai su ce ba su ɗaukar mai goyo. Hajiya kaɗai ce ta kalli ɗiyar, ta kalle ni, ta ce in zo gobe. Har ta nuna mini sito, ɗakin da ake ajiye kwalaye, ta ce can hayaƙi bai kai ba, in riƙa kwantar da ita a ciki. In na rasa wannan wuri ban san inda zan dosa da yarinya 'yar wata biyar ba.

Mu a wurinmu ɗan fari ba a nuna ana son sa. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa gaban manya, in ya yi kuka sai ka yi kamar ba ka ji ba har wani ya ce ka ɗauke shi. Har yau ban taɓa jin sunan yayana a bakin Inna ba. Ni ma haka na tashi. In zan yi maganar ɗiyata sai in ce "wannan". In Gwaggo, babbar cikinmu a wurin banda, ta ɗaga ta tana yi mata rawa, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da kankarar kifi, alhali duk hankalina yana kan yadda ta riƙe mata wuya.

Cinikin Hajiya da mutanen kudu ne. Ba su zuwa, sai dai ta nuna musu kaya ta waya. Bayan azahar, in an gama shirya kwalaye, sai ta kira su da bidiyo, a buɗe kwali, a karya kifi ɗaya su ga cikinsa ya bushe, sannan su ce a ɗora a mota. To sabis a bakin ruwa ba shi da tabbas. Sau nawa muka ga Hajiya ta hau turmi tana ɗaga waya sama tana cewa, "Kina jina? Kina ganina?" Shi ya sa ta kira wani mai aikin intanet. Magidanci ne, ba yaro ba, Kirista daga mutanen kan tudu, Hausarsa da ɗan nauyin harshensu. Hajiya na kiransa Injiniya, mu ma muka bi.

Ya kafa dogon ƙarfe a kan rufi da wani abu kamar faranti a samansa, ya jawo waya zuwa ƙasa, ya haɗa da wani farin akwati mai ƙaho biyu. Ya ce akwatin ne zai riƙa raba wayifai ga wayoyin gidan. Ya so ya kafa shi sama a bangon rumfa, tsakiyar gida, inda ba abin da zai tare shi. Hajiya ta ce atafau.

"A rumfa? Hayaƙi shi mai da shi baƙi, ko wani shi sunkuce shi? Sito za a sa shi, inda nike kullewa."

Ya yi bayani, ta ƙi. Ƙarshe aka aza shi a sito, kan wata tsohuwar firiza da ta daɗe da mutuwa. Tabarmar ɗiyata tana gindin firizar nan.

Kwanakin farko ban damu ba. Sai ranar da na kai ta awo asibiti, muna layi, wata mata ta ce irin waɗannan abubuwan masu ƙaho iskarsu tana shiga kan jarirai ta maɗiga, tana busar da ƙwaƙwalwa. Ta ce a unguwarsu an yi wani yaro haka. Ban san ta ba, ban sake ganinta ba, amma maganar ta bi ni har gida. Washegari na kwantar da ɗiyar, na tsaya ina kallon akwatin. Wutarsa koriya tana ƙyaftawa ba hutu. Na taɓa shi na ji ɗumi. Na dubi maɗigarta tana motsi sama da ƙasa, wurin ko ƙashi bai rufe ba. Ƙahon nan ɗaya kamar ita yake nunawa.

Da a ce ɗiyar wata ce, da na fita tsakar gida na tambaya da ƙarfi. Amma tawa ce, ta fari. Ta yaya zan buɗe baki gaban Hajiya da Gwaggo in ce ina jin tsoro saboda ita? Fitar da ita kuma ba wuri, ko'ina hayaƙi da wuta. Cire wayar akwatin ban iya ba, ina tsoron in lalata. Sai idona ya faɗa kan babbar tasar silba da muke wankin karfasa. Na goge ta, na kwantar da ƙahonnin akwatin a hankali, na kifa masa ita. A tunanina iskar ce kawai na tare daga wajen yarinya, aikin Hajiya kuma yana tafiya ta farantin da ke kan rufi. In ta farka sai in ɗauke tasar, in miƙar da ƙahonnin yadda suke. Barcinta kuwa daga azahar ne zuwa la'asar.

Ban haɗa abin da nake yi da ihun Hajiya ba sai da aka kwana huɗu. Kullum da safe waya lafiya lau, bayan azahar hoto ya daskare, murya ta yanke. Ranar kasuwa wata mai saye daga kudu ta kasa ganin kaya, ta ce ba ta yarda a ɗora abin da ba ta gani ba, mota ta tashi ta bar kwalayen a rumfa. A ranar na gane. Ina durƙushe ina wanke kifi abin ya faɗo mini, tasata ce. Amma da azahar ta gobe ta yi, na dubi maɗigar nan, na sake kifa tasar.

Injiniya ya dawo. Ya buɗe kwamfutarsa a kan benci, ya daɗe yana dubawa, sai ya yi dariya.

"Hajiya, wayoyi nawa ke gare ku a gidan nan na aiki?"

"Uku. Tawa, ta direba, da ta mai rubuta kwali."

"To waɗanda ke shan wannan abu sun fi yatsun hannuna da na ƙafa. Lambar sirrin da na sa miki fa?"

"Ta yi wuya. Na sa an mai da ita lambar wayata."

"Wadda ke rubuce a ƙofar gida da jan fenti?"

Muka leƙa waje. 'Yan kabu-kabu ne jere a ƙarƙashin dogon yaro, kowa ya kwanta kan mashin yana kallon ƙwallo. Ni dai na lura tun makon da ya wuce sun baro bakin kasuwa sun dawo inuwarmu, na ɗauka inuwar ce ta fi. Gwaggo ta fita da wuƙar kifi a hannu.

"Ku 'yan banza! Ashe ba fasinja kuka jira ba!"

Ɗaya ya ce, "Gwaggo, sadaka ce Hajiya ta yi, Allah shi karɓa!"

"Sadakar ubanka!"

Injiniya ya ce ba shan data kaɗai ne abin tsoro ba. Ya ce duk wanda ya shiga ta ƙofar da wayoyin aiki suke shiga, in mugu ne kuma ya san hanya, yana iya leƙa abin da bai kamata ya gani ba. Sai ya raba abin gida biyu. Ya yi ɗaya na aiki, da doguwar lamba mai haruffa a cakuɗe, ya sa ta da hannunsa a wayoyin nan uku, ya ce kada a rubuta ta a bango ko a kwali, kada a karanta wa kowa ko da ɗan cikin Hajiya ne. Ya yi na biyu na baƙi, ya rage masa ƙarfi, ya ce wannan in ta ga dama ta bai wa direbobi da masu kawo kifi, ba zai taɓa na aikin ba. Akwatin kansa ma ya canza masa mabuɗi. Ranar ya wuni tare da mu, yana shiga sito yana fita, ban samu damar kifa komai ba. Na goya ɗiyar a baya na yi aiki da ita cikin hayaƙi har idonta ya yi ja. Waya kuwa ta yi aiki tas.

Na ji daɗi a raina cewa laifi ya tafi kan 'yan kabu-kabu. Ba zan ɓoye ba. Na ce daga yau na daina. Kwana biyu na yi ina goya ta, ta fara tari. Na uku na mai da ita sito, na mai da tasa.

Da abin ya dawo, Hajiya ta tara mu a rumfa. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

"An kore na waje, abu bai gyaru ba. Ke nan na ciki ne. Ban san ko lamba anka bayar, ko taɓa shi aka yi. Duk wadda na kama, ta ɗauki gyalenta, ba sai na ce ba."

Sau biyu Injiniya ya sake zuwa, kuma duk ranar da yake nan abin lafiya lau yake, don ba na kifa tasa. Gwaggo ta ce akwatin ya san ubangidansa, a kawo masa tabarma ya tare nan. Hajiya ta fara cewa ko kayan jabu ya sa mata. Na ga yadda maganar ta taɓa shi, ya cire hula ya share gumi. Ni kuwa abinci ya daina shiga.

Zuwansa na ƙarshe bai buɗe kwamfuta ba. Ya zauna yana tambayar kowa lokacin da abin ke ɗaukewa da lokacin da yake dawowa. Kowa ya ce azahar, la'asar. Ya duba batirin sola, ya ce ba shi ba ne. Ya hau rufi ya sauko. Sannan ya shiga sito ya daɗe. Ina daga bakin randa ina hango shi ta ƙofa, ya sunkuya yana kallon saman firizar, ya sa yatsa yana bin wani abu a zagaye. Ƙura ce. Saman firizar duk ƙura, amma bakin tasa ya bar da'ira kewaye da akwatin. Ni da nake ganin komai, wannan ban gan shi ba.

Ya fito ya ce wa Gwaggo, "Mama, wa ke kwana a ɗakin nan da rana?"

Gwaggo ta nuna ni da haɓa. "Ɗiyar waccan."

Ya ce in zo in kama masa tsani. Na shiga, ƙofa a buɗe, Gwaggo na kallonmu daga nesa. Ba tsani ba ne. Ya nuna mini da'irar, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, me ake kifawa a nan?"

Ya sake bin da'irar da yatsa.

"Ƙarfe ne ko? Tasa ko daro. Abin nan iskarsa ba ta ratsa ƙarfe. Ƙasa ƙarfe, sama ƙarfe, kin rufe shi ruf. Kuma zafi na iya kashe shi."

Na ce, "Tasa ce."

"Don me?"

Na dubi tabarma. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Wannan tana barci a nan."

Ya dubi tabarmar, ya dube ni. "Ta fari ce?"

Na ɗaga kai alamar e.

Bai yi dariya ba, wannan ba zan manta ba. Ya ce ya zauna da Hausawa tun yana ƙarami, ya san abin. Ya tambaye ni ina nake ajiye wayata in ina aiki. Na ce a ƙugu, cikin zane. Ya ce in ina goye da ita fa? Na ce nan dai. Ya ce to iskar akwatin nan danginsu ɗaya da ta wayar, da ta rediyon da maigidana ke saurare, kuma wayar da ke jikina ta fi kusa da yarinyar nesa ba kusa ba. Ya ce irin wannan akwati yana ɗakinsa, 'ya'yansa uku sun yi rarrafe a gindinsa, babbar yanzu ita ke gyara masa lissafi in ya yi kuskure. Ya ce in ban yarda da shi ba in tambayi ma'aikaciyar asibiti ranar awo, ba matan layi ba. Ya ce hayaƙin da na goya ta a ciki shi ne abin gudu.

Tsoron da na ɗauko tun ranar awo ya tafi. Sai dai saura ɗaya.

Ya ce, "Dole Hajiya ta san dalili. In ba haka ba za ta ci gaba da zargin mutane, ni ma tana zargina. Ke za ki faɗa, ko ni?"

Na so in ce shi. Na yi tunanin in ɗauki ɗiyata in bi ta bayan gida, kada in sake dawowa. Amma in na tafi haka, na rasa wurin ke nan da hannuna. Na ce ni zan faɗa.

Hajiya tana zaune kan kujerarta a rumfa tana duba wani giwan ruwa da aka kawo. Matan duk suna wurin. Na durƙusa. Na ce ni ce. Na ce tasa nake kifa wa akwatin daga azahar zuwa la'asar. Wuƙaƙe suka tsaya.

"Mi kinka ce?"

Na maimaita.

"Tasa. Tasata ta karfasa." Ta ajiye kifin. "Mota ta tashi ba kayana, na zagi bawan Allah ga, na hana ma kaina barci, ashe ke ce da tasa. Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To don mi? Mi na yi miki?"

Nan ne wurin da ya fi wuya. Injiniya yana tsaye can gefe. Na san in na ce "wannan" ba za ta gane ba, za ta ɗauka rainin hankali ne. Na kalli ƙasa na ce, "An ce mini iskarsa tana shiga maɗiga. Na ji tsoro ne saboda ɗiyata."

Ban taɓa faɗin kalmar nan gaban manya ba. Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa murhu.

Sai Gwaggo ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a ku zo ku ji! Ɗiyata! Ashe tana da ɗiya! Mu da munka ɗauka tsintar ta ta yi a kwalekwale!"

Matan suka fashe. Wata ta ce, "Sake faɗi mu ji, ban ji da kyau ba." Na ja gyale na rufe fuska. Ta cikin gyalen nake kallon Hajiya, don ita ce ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona.

"Ke wawuya ce," ta ce. "Baki gare ki. Da kin jawo ni gefe kin raɗa mini."

"Kunya na ji, Hajiya."

"Kunyarki ta ci mini mota guda." Ta juya wajen Injiniya. "Kai kuma ka yi haƙuri. Na ce kayanka jabu ne, ashe ma'aikatana ne jabu."

Ya ce ba komai, amma tunda magana ta zo, sito ba wurin akwatin ba ne tun farko. Bango huɗu, firiza a ƙasa, ƙofar ƙarfe. Ko ba tasa, rabin ƙarfinsa a ɗakin yake mutuwa.

"Ai sai ka ce laifina ne."

"Ban ce ba, Hajiya."

"Ka ce mana. Je ka sa shi inda ka so."

A ranar ya cire shi. Ya kafa shi can sama a bangon rumfa, ɓangaren da iska ke kore hayaƙi, cikin wani ɗan keji na roba mai kwaɗo, ya ba Hajiya mabuɗin. Ya zagaya gidan da waya a hannu, daga bakin randa zuwa wurin lodi, yana duba inda ƙarfin ya kai. Duk wannan ina durƙushe inda nake, don ba a ce in tashi ba, ba a kuma ce in tafi ba. Ƙafafuna suka mutu. La'asar ta kusa, Hajiya ta kira matar kudun nan. Hoto ya fito sarai, har ina jin muryarta tana cewa a karya wancan na ƙasa ta gani. Aka karya. Ta ce a ɗora.

Hajiya ta kashe waya, ta waiwayo kamar yanzu ta tuna da ni.

"Ke kuma zaman mi kike? Karfasar can ni zan kankare miki?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"To tashi. Gobe kuma da wuri, jirgi biyu za su shigo."

Na yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaukata, sai da Gwaggo ta kama ni ta hammata tana cewa in yi a hankali, uwar ɗiya ba ta faɗuwa. Na koma kan kifina. Can sai na ji yunwa, irin wadda na yi kwanaki ban ji ba. Na tambayi ta kusa da ni ko akwai sauran ɗumamen safe. Ta miƙo mini kwanon, na cinye shi tsaye, da ƙarnin kifi a hannuna.